Shaida na Uku

Shekara goma sha tara ina riƙe da biro a kotun nan.
Na rubuta rigimar gona, na rubuta bashin taki,
na rubuta akuyar da ta cinye dawar maƙwabci a Dakace.
Hannuna bai taɓa rawa ba
sai Talatar da aka kira shaida na uku.

Lurwanu. Shekara bakwai.
Rigar makaranta, aljihu ɗaya a ɓalle,
ƙafafunsa na lilo, ba su kai ƙasa ba.

Mai shari'a ta sa aka fitar da jama'a,
ta cire tabarau, ta sassauta murya:
"Ka san bambancin gaskiya da ƙarya?"
Ya dubi fankar da ta tsaya tun safe.
"Ƙarya ita ce in Umma ta ce wa Inna Lami
ƙofa ce ta buge ta."

Na rubuta.

Ya ce daga ƙarar babur yake ganewa.
In Baba ya kashe shi tun a zaure, lafiya,
har da tsire a takarda, daga Kwangila.
In ya shigo da shi yana ruri har tsakar gida,
sai ya ja Rumasa'u bayan randa,
ya toshe mata kunne da tafin hannu,
ya yi ta ƙirga yadda Malama ta koya musu.
Ɗari kawai ya iya.
In ya kai ɗari ba a daina ba, sai ya koma ɗaya.

"Sau nawa ka koma?"
"Hannuna na kan kunnenta, ban riƙe da yatsa ba."

Lauya ya miƙe yana gyara kwat:
"Wace rana ce? Wane wata?"
"Ranar da Umma ta yi dambu, ba wanda ya ci."
"Ya mai shari'a, wannan ba kwanan wata ba ne.
Yaro aku ne, abin da aka kitsa masa yake maimaitawa."
Lurwanu ya juyo, ya ce a hankali:
"Umma cewa ta yi kar in faɗa."

Uwar na can bayan labule, ban ga fuskarta ba,
gefen mayafinta kawai, tana murɗa shi kamar wanki.
Uban kuwa, Tanimu makanike,
ya kafa ido kan baƙin mai da ke ƙarƙashin farcensa.
Na san shi. Ya taɓa gyara min birki bai karɓi ko sisi ba.
Wannan ma ban san inda zan ajiye shi ba.

Bayan azahar aka karanta umarni:
kada ya kusanci gidan, ko makarantar,
ƙasa da mita ɗari biyu, har wata shida.
Na buga hatimi. Tawada ta yi ƙaranci, na sake bugawa.

Ina tattara takardu sai na ji an ja min riga.
"Mita ɗari biyu daga nan zuwa ina ne?"
Na nuna masa ta taga:
"Ka ga mai shayin can, kusa da inda motocin Samaru ke lodi?"
Ya daɗe yana aunawa da ido.
"To in na kira shi daga nan, zai ji?"

Fom ɗin yana da gurbin suna, gurbin shekaru,
gurbin abin da shaida ya gani da idonsa.
Na duba gaba, na duba baya.

Da yamma na bi ta Ƙofar Doka zuwa gida.
Tun daga bakin lungu na kashe babur,
na tura shi da hannu.
'Yata ta fito da gudu tana tambaya ko mai ne ya ƙare.
Na ce mata a'a.